Ganye a Kan Faifai

Baba, Allah ya jiƙansa, ya yanke jiki ya faɗi ne a gonar rakensa ta Kudan, ana tsakiyar sara. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce ya ɗaga adda ke nan sai addar ta suɓuce, shi ma ya bi ta. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki na dama. Baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannu da ƙafa suka koma kamar na aro.

Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, yayyena maza kuma neman abinci ya watsa su kudu. Ni ce auta, ni ce kuma kusa, ina aure a Makarfi ina ɗinkina a cikin gida. Maigidana da kansa ya ce a kawo Baba wurinmu, tunda mu ne kusa da inda ake gashin ƙashi. Ya sa aka share ɗakin da ke jikin zaure, ya sayo katifa, ya ɗaura labule. Alheri ya yi, ban taɓa cewa ba alheri ba ne. Amma duk wanda ya san dattijon ƙasarmu ya san abin da ake nufi da a ce yana kwana yana tashi a gidan suruki, surukin na jin tarinsa, yana ganin ana fitowa da ruwan wankansa a baho. Kullum da safe maigidana zai durƙusa daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa, ya tambayi kwana, ya tambayi jiki. Baba sai ya ɗaga hannun hagu kaɗan, fuskarsa na kallon bango.

Ma'aikacin da ke yi masa gashi ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya ba kwana-kwana. Ya ce ƙafar ba ta mutu ba, amma idan Baba bai tashi ya riƙa taka ta a 'yan watannin nan ba za ta sandare, daga nan kuwa sai dai a ɗauka a ajiye har ƙarshen kwanansa. Ya ce magani ba zai yi wannan aikin ba, mu ma ba za mu yi masa ba, sai shi da kansa. Da maganar nan nake kwana, da ita nake tashi.

Baba kuwa ya ƙi. An ba mu ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dogarawa, ya koma wurin shanya tawul. Kalmomin da suka rage a bakinsa ba su da yawa. Akwai salati, akwai ruwa, akwai to. Sai kuma wata da ban san inda ya samo ta ba. Babban yayana ya bugo waya yana tambayar wa za a ba gonar raken ya riƙe, na kara wa Baba wayar a kunne, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba ruwana." Na tambaye shi tuwo yake so ko fate, ba ruwansa. Na ce mai gashi ya iso, ba ruwansa. Mutumin da a da ko kazar maƙwabta ce ta yi tari sai ya bi ba'asi, wanda manoma ke tarewa a hanyar masallaci da ganyen tumatir a aljihu don ya duba musu, shi ne yau ba ruwansa da komai. Na fi jin zafin kalmar nan fiye da karkacewar bakin.

Bishiyoyin kuwa ni na jawo su. Gidanmu sabo ne a bayan gari, kan tudu, jar ƙasa mai tsakuwa, tsakar gida fayau babu ko ɗan tsiro. Na ce a raina mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin kore ba zai warke yana kallon bulo ba. Wata rana mun shiga Zariya sayen zare ni da maigidana, a bakin hanya wurin masu sayar da furanni na hango wasu 'yan itatuwa a cikin baƙar leda, ganyensu siriri dogo, rassan sun rusuna ƙasa kamar mai gaida manya. Mai sayarwar ya ce sunansu wilo, irin ƙasar waje ne, manyan mutane ke dasa su don ado. Ni kuwa da son abin da ba kowa ke da shi ba, na ce a ba ni uku.

Maigidana ɗan kasuwar atamfa ne, tun da aka haife shi bai taɓa dasa ko barkono ba, amma ya ce tunda don Baba ne shi zai dasa da hannunsa. Ya tuɓe riga, ya haƙa ramuka a gindin katangar da ke fuskantar ƙofar Baba, can ƙarshen tsakar gida. Ni ina kicin, ban ga dashen ba. Sai da ya gama ya kira ni yana haki yana murmushi, na fito na gan su a jere, kuma sun yi kyau.

Kyan bai daɗe ba. Farkon damina ne, na ɗauka Allah zai yi sauran, sai ga ganye ya fara lalacewa, kuma ba iri ɗaya ba. Wani ya yi huji, wani bakinsa ya bushe ya nannaɗe, wani ya yi ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa. Na ɗauki hoto a waya na tura wa ƙawayena, kowacce da abin da ta ce. Wannan ta ce taki, waccan ta ce kambun baka. Ni dai ina gani abin da na sayo don ya faranta ran mahaifina yana neman ya zama abin tausayi a gabansa.

Wata safiya na tsinko ganye biyu na shiga wurinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na sa masa su a tafin hannun hagu, na ce ya duba mini abin da ya sami bishiyoyin nan. Ban sa rai da komai ba. Sai na ga ya ɗaga ganyen kusa da ido. Ya juya bayansa, ya murza da babban yatsa, har ya kai hanci ya shinshina. Rabon da in ga ya kalli wani abu haka tun kafin ya faɗi. Na zuba masa ido ina jira.

Ya ɗago ya dube ni, ya yi ta kokawa da harshensa, ya ce, "Ba ruwana."

Na ce na sani ba ruwansa, tambaya ce kawai na yi. Ya girgiza kai, ya sake faɗa da ƙarfi, yana buga ganyen a kan katifa, yana nuna tsakar gida da haɓa. Na ɗauka korata yake yi. Ni kuma auta ce, an shagwaɓa ni, zuciyata a kusa take. Na tashi ban ko yi sallama ba, na shige kicin na yi kuka mai isata. Da kukan ya ƙare sai haushi ya zo, kuma haushin kaza huce kan dami. Na aika maƙwabta aka aro mini abin feshi da ragowar maganin tumatir, rana tsaka na goya shi a baya na yi wa 'yan itatuwan nan wanka har yana ɗiga. Washegari ganyen da ke da sauran kyau ma ya babbake.

A cikin wannan hali Gwaggo ta zo daga Taba. Ita ce yayar Baba, ita kaɗai ta rage a duniya da ke iya yi masa faɗa ya yi shiru. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ga baki ga ido. Muka yi gaisuwa tun daga zaure, ta tambayi maigidana, ta tambayi gajiya, ta tambayi mai jiki, ta yi addu'a. Ta shigo tsakar gida tana kwance ƙullin daddawar da ta kawo mini, sai ta ja ta tsaya tana kallon gindin katanga.

"Ke Auta, wa ya kwaso ba-ruwana ya kawo shi kan tudu?"

Na ce mata wane ne ba ruwansa kuma? Ta ce ba mutum take nufi ba, itacen nan, ai sunansa ke nan, ba-ruwana. Ta ce a bakin rafin ƙauyensu yake tsirowa tun suna yara, da rassansa ake zane su idan sun tafi wanka ba a aike su ba, kuma ubana ya fi kowa sanin zafinsa. Na ce Gwaggo wannan fa wilo ne, daga ƙasar waje. Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta, ta ce to ƙila ya je ƙasar wajen ya dawo, amma ita dai ta san uwarsa ta san ubansa. Na tambaye ta dalilin sunan. Ta ce ita dai abin da ta ji, idan ambaliya ta zo ta kwashe gona ta kwashe gada, shi sai ya kwanta ruwa ya bi ta kansa, gari na wayewa ya miƙe abinsa. Ta ƙara da cewa sunan ne kawai, amma duk dawa babu mashayin ruwa irinsa.

Na karɓi ƙullin daddawar na tsaya da shi a hannu. Ashe ranar nan ba korata Baba yake yi ba. Tambayarsa na yi, ya amsa mini. Karo na farko tun faɗuwarsa ya miƙo mini abin da ya sani, da harshen da ba ya yi masa biyayya, har yana bugun katifa don in gane, ni kuwa na tashi na bar shi da ganye a hannu. Tausayinsa ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na shiga ɗakin na durƙusa, na ce Baba ashe sunan itacen kake gaya mini. Ya daɗe yana kallona. Sai ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga.

"Auta," ya ce. "Kunnen ƙashi."

Na yi dariya hawaye na zuba. Gwaggo daga waje tana cewa ai gado ne, ba a ƙasa na tsinta ba.

Daga ranar muka buɗe asibitinmu. Kullum bayan ya sha koko zan zagaya bishiyoyin da faifai, in tsinko kowane irin ganye mai ciwo, in kai masa. Zai baje su a kan cinya ya ware su kashi-kashi da yatsa ɗaya, kamar mai tsintar shinkafa. A nan na gane ashe abin da nake kira ciwo ɗaya taron ciwuka ne, kowanne da sawunsa.

Ganyen da aka cinye tsokarsa aka bar jijiyoyi kamar rariya, ya ce ƙwaro ne. Na ce ban ga ƙwaro ba. Ya kife ganyen ya nuna mini bayansa, wato a ƙasa zan duba, kuma da sassafe. Washegari na ɗaga rassan na leƙa, sai ga su jere, ƙanana masu ƙyalli, da 'yan tsutsotsinsu baƙaƙe suna kiwo hankali kwance. Ya hana ni feshi. Gwangwani da ruwa kawai, in kakkaɓe su ciki, sannan in barbaɗa toka. Wanda aka gutsure daga gefe kuwa ya ce fara ce, ya yi alamar in ƙyale ta, mai wucewa ce. Mai ɗigon ruwan ɗorawa ya goga shi a jikin farar rigarsa, ya bar shaida kamar garin bulo. Ya ce tsatsa. Wannan sai da muka sha fama kafin in fahimci abin da yake so: in tsinke masu ita, in share waɗanda suka zuba in ƙona, kuma idan zan ba da ruwa in zuba a gindi, in daina watsa wa ganye kamar mai yayyafin tsakar gida.

Akwai wani kashi da ya ware gefe, masu tabon ƙuna duk a fuskar sama. Na tambaye shi wannan wane irin ƙwaro ne. Ya ɗaga yatsa ya nuna ni. Na ce Baba ai taimako na yi niyya. Ya ce, "Da rana." Ya girgiza kai kamar yadda yake yi mini tun ina ƙarama idan na ƙona miya.

Kalmomi suka fara dawo masa ta hanyar ganye. Yau toka, gobe gindi, jibi ya haɗa uku a jere. Ya fara cin abinci da ɗan marmari. Bishiyoyin ma suka ɗan farfaɗo, ƙwaron ya ragu, tsatsar ta tsaya. Amma akwai ciwo ɗaya da ya ƙi. Ganyen ƙasa ya yi ta yin rawaya yana zuba, sabon tsiro kuma da rana ta ɗaga sai ya langaɓe, ko da kuwa an kwana ana ruwa. Baba ya juya irin wannan ganyen ya juya, ya murza, ya tsaga, a ƙarshe ya ture faifan. Ya ce ciwon ba a ganye yake ba, a ƙasa yake. Ya sa na je na tona. Na ɗan yaƙushi sama da ludayi na dawo na ce ƙasa ce kawai, da danshinta. Ya tambayi gara, na ce ban gani ba. Ya yi tsaki, tsakin farko da na ji ya fita daidai tun ciwonsa.

Ni fa a lokacin na gamsu. Ubana yana magana, yana tsokanata, me ya fi wannan? Sai mai gashi ya zo ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe ta, na ga fuskarsa ba ta yi daɗi ba. Ya ce ta fara tauri. Ya ce magana ta yi kyau, amma ba da baki ake tafiya ba.

Da Gwaggo ta sake zuwa ta tarar da ni ina shiga da faifai. Ta bari sai da na fito, ta kira ni bayan kicin.

"Kin mai da shi likitan zaune," ta ce. "Muddin kina kai masa gona har ɗaki, me zai fita nema? Ki ajiye faifan nan."

Na ce Gwaggo shi kaɗai ne abin da ke sa shi farin ciki, yaya zan ƙwace? Ta ce ta san ɗan'uwanta tun yana rarrafe, lallashi bai taɓa tayar da shi ba, amma ba ya iya kallon shuka tana mutuwa ya zauna. Ta ce so ba duka ne mai daɗi ba. Ta yafa mayafinta ta koma Taba ta bar ni da aikin.

Washegari bayan koko ya kira ni, ya ce faifai. Na tsaya a bakin ƙofa, ban iya haɗa ido da shi ba. Na ce ɗinki ya yi mini yawa, bishiyoyin dai suna can inda suke. Sannan na naɗe labulen ƙofarsa na rataye a ƙusa, yadda daga kan katifa zai riƙa hango su, na juya. A rayuwata ban taɓa gaya wa mahaifina magana mai nauyin wannan ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ya koma shiru. Ya mayar da fuska bango, koko ma sai ya kurɓa ya ture. Ƙaramar cikin bishiyoyin ta zubar da kusan duk ganyenta, ta tsaya tsirara a gabansa. Maigidana ya lura, ya tambaye ni ko wani abu ya ɓata wa Baba rai a gidan nan, ko shi ne ya yi wani kuskure bai sani ba. Na ce a'a. Sau da yawa na ɗauki faifan na ajiye. Ina tsoron kada in zama na rushe ɗan abin da muka gina, in tashi ba tsuntsu ba tarko. Abin da kawai ya riƙe ni shi ne, idan na wuce ta ƙofarsa ba zato, wani lokaci nakan tarar fuskar ba bango take kallo ba.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Maigidana ya tafi kasuwa, gidan daga ni sai Baba. Ina kan keken ɗinki a rumfar ƙofar ɗakina ina haɗa wata riga, sai na ji wani sauti, ƙwas, sannan shuuu. Ƙwas, shuuu. Na saci kallo ta gefen ido.

Baba ne a tsaye a bakin ƙofa. Ƙarfen asibitin yana nan da tawul ɗinsa, bai taɓa shi ba. Taɓaryata ya jawo, wadda na jingine a jikin bangon ɗakinsa bayan na gama daka, ya dafe ta da hannun hagu. Zai kafa ta a gaba, ya taka mai lafiyar, sannan ya jawo ɗayar tana share ƙasa. Hularsa ta karkace, gumi ya jiƙa masa wuya.

Duk jikina ya ce in tashi in tare shi. Amma na san Baba. Idan ya ga ana kallonsa zai koma, kuma ba zai sake fitowa ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da taka keke. Rigar ta ƙare ta zame ta faɗi ƙasa, ban tsaya ba, na yi ta taka keken babu komai a ƙarƙashin allura, hawaye na sauka a kan hannuna. Tsakar gidanmu ba wani girma gare ta ba, amma ranar na ga tsawonta. A tsakiya ya tsaya ya yi tangaɗi, taɓaryar ta zame a laka, na ji kamar raina zai fita. Ya daidaita. Na ji yana salati ƙasa-ƙasa, ya ci gaba.

Da ya isa gindin ƙaramar bishiyar sai ya bi jikin taɓaryar ya sulale ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya huta. Ya sa farce ya ɗan kankare ɓawon reshe ya duba, ya gyaɗa kai. Sannan ya fara tona gindin da hannu ɗaya, ba irin tonon ludayina ba, tono na mai neman abu. Hannun ya nutse har wuya, ya wuce. Can na ga ya tsaya cak.

"Auta," ya kira ba tare da ya waiwayo ba. "Bar keken. Ba komai a kai."

Ashe yana ji. Mutumin da ya raini mai ɗinki ya san kukan keke mai aiki da na marar aiki. Na taso na zo na durƙusa kusa da shi ina share fuska da gefen zane. Ya kama hannuna ya cusa a ramin. Yatsuna suka taɓa wani abu mai santsi. Leda ce. Baƙar ledar da muka sayo su a ciki, tana nan ɗungurungum, an binne ta da itacen, bakinta can ƙasa inda ludayina bai kai ba. Ruwan sama na sauka ya bi gefe ya wuce, saiwa na ciki a ɗaure tana shan ɗan abin da ya ɗiga.

Ya ce in kawo wuƙa. Na kawo almakashina, shi ya fi kusa. Muka buɗa ramin tare, shi yana janye ƙasa ni ina kwashewa. Ya nuna mini inda zan tsaga, daga sama zuwa ƙasa, a hankali kada in yanki saiwa. Da ledar ta buɗe sai ga saiwoyin sun nannaɗe juna kamar zaren da ya cukurkuɗe, farare, suna ta zagaye wuri ɗaya. Ya sa yatsa yana warware su ɗaya bayan ɗaya, yana miƙar da kowacce ta fuskanci waje, da irin taushin da ban san hannun manomi na da shi ba. Sai da ya gama ya tambaye ni wa ya yi dashen.

Na ce surukinsa ne, da hannunsa, kuma don shi ya yi.

Baba ya dubi ledar, ya dubi sauran bishiyoyin biyu. Kafaɗarsa ta fara rawa. Na tsorata na ɗauka wani ciwon ne, ashe dariya ce, dariyar rabin baki, har da hawaye. Da ta lafa ya ɗauki yagaggiyar ledar ya dunƙule ta ya tura cikin aljihun rigarsa.

"Kada ki faɗa masa," ya ce. Ya numfasa, ya nemo sauran kalmomin. "Yaron kirki ne. Bai sani ba."

Tun da aka kawo shi gidan nan ban taɓa jin ya ambaci maigidana ba sai ranar. Na ce ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba sai bayan shekaru, ranar da muka dawo daga yi wa Baba addu'ar bakwai, shi ma ɗin dariya ya yi ya ƙare da kuka.

Muka mayar da ƙasa, ya danna ta da tafin hannu, ya sa na yi wa gindin 'yar ƙwarya don ruwa ya riƙa tsayawa. Rana ta fara zafi, ga shi zaune cikin laka, na ga ƙarfinsa ya ƙare. Na ce ya jira in leƙa maƙwabta in samo wanda zai taimaka mu ɗauke shi. Ya ce a'a. Na ce to in kawo ƙarfen. Ya ce a'a.

Sai ya sa hannun hagu ya ɗago na daman daga kan cinyarsa. Hannun da tun ranar da ya faɗi yake ɓoyewa a cikin riga, wanda ko mai gashi sai an yi da gaske yake bari ya taɓa. Ya ɗaga shi da kansa ya ɗora mini a kafaɗa. Da sanyi, da nauyi, yatsun a lanƙwashe.

"Riƙe mini wannan," ya ce. Ya kafa taɓaryar a ƙasa, ya nuna sauran bishiyoyin da haɓa. "Waɗancan biyun, gobe."

Na riƙe hannun da hannuwana biyu, na sa kafaɗa, muka miƙe.